Na'urar neman zinariya: a tambayi ƙasa kafin a tambayi kuɗi

Tun shekarar 2014, da labarin zinariyar Jado ya game ƙasa, wata sanda mai faifai a ƙarshenta ta shiga zukatan samarin kudancin Damagaram. Wanda ya fara da ƙarama yana hangen babba, wanda ba shi da ita yana shawarar sayar da sa ko jinginar da gona. Amma na'urar da ta yi wa wani rana a hamadar Agadas tana iya ƙare kwanakinta a rataye a bangon ɗaki a Magariya ko Dungas. Ga abin da ya kamata mai niyyar saye ya sani kafin kuɗi su bar hannunsa.

Daga Sudan zuwa Jado

A watan Afrilu na 2014 ne aka ga zinariya a yankin Jado, can ƙuryar arewa maso gabashin jahar Agadas. Kafin damina ta kankama a kudu, dubban mutane sun cika wurin: Tubawa da Buzaye, ƴan Cadi da ƴan Sudan, da Hausawa daga Damagaram da Maraɗi da Tawa. Cikin wannan shekarar kuma aka buɗe Cibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya. Abin da ya raba Jado da tsofaffin mahaƙai irin su Koma Bangu ta jahar Tilaberi, inda ake haƙa tun tsakiyar shekarun 1980, shi ne zinariyarta curi-curi ce, kwance kusa da fuskar ƙasa. Ba sai an gina rijiya mai zurfi ba, ba sai an daka dutse an wanke ba. Mota, da tanon ruwa, da na'urar da masu zuwa arewa ke kira aparai, su ne jarin.

Guguwar daga gabas ta taso. Ta fara a Sudan wajen 2009, ta kai Jabal Amir na Darfur a 2012, ta ratsa duwatsun Tibesti na Cadi, ta shigo Nijar a 2014, ta isa Muritaniya a 2016. Duk inda ta bi, na'urar ce ke gaba. Da hukuma ta rufe Jado a farkon 2017, wasu suka zarce Cibarakaten da duwatsun Ayar, wasu suka ƙetara Cadi, wasu kuma suka komo gida da na'urarsu a cikin buhu.

Ba abin mamaki ba ne labarin ya sami kunnuwan saurare a kudancin Damagaram. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magariya na da mutum fiye da 570.000, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magariya a 2011, fiye da 350.000. Yanki ne da jama'a suka yi yawa, gonakin gado suna ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba su, kuma ci-rani tsohuwar al'ada ce. A yau masu sha'awar na'urar sun kasu gida biyu. Akwai mai shirin komawa arewa, wanda yake ganin ƙaramar na'urarsa ce ta hana shi samu. Akwai kuma mai zama a gida, ɗan kasuwa ko mushe ko tsohon ma'aikaci, wanda ranar hutu yake son zagaya kufai da tsofaffin kasuwanni ko Allah ya sa ya dace da tukunyar da wani kaka ya binne. Dukansu biyu tambaya ɗaya suke yi wa mai kanti: wace ce ta fi ƙarfi? A nan ne kuskuren yake farawa.

Abin da faifai ke ji

Aikin na'urar ba shi da wani asiri. A cikin faifan akwai wayar tagulla da aka nannaɗe. Batir yana tura wuta cikinta, sai ta watsa ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ƙarfin nan ya tarar da ƙarfe, kowane iri ne, sai wata ƴar wuta ta motsa a jikin ƙarfen, ta maido amsa. Faifan ya ji amsar, akwatin da ke jikin sandar ya mayar da ita ƙara a kunnen mai aiki.

Dabarar ta girmi kakannin masu amfani da ita. A 1881 Alexander Graham Bell, wanda ya ƙago tarho, ya haɗa irinta don neman harsashin da ke jikin shugaban Amurka James Garfield, bai kuwa same shi ba. An ce ƙarafan gadon da majinyacin ke kwance a kai na cikin abin da ya ruɗa ta. A 1937 Gerhard Fisher ya sami takardar mallakar fasaharsa a Amurka, a 1941 kuma wani hafsan sojan Folan, Józef Kosacki, ya ƙera wadda aka yi amfani da ita wajen tonon nakiyoyi a hamadar Masar lokacin yaƙin duniya na biyu.

Abu uku ne ke fita daga wannan bayani, kuma mai kanti ba kasafai yake faɗar su ba. Na farko, na'ura ba ta san zinariya da suna ba. Abin da take aunawa shi ne yadda ƙarfe ke ɗaukar wuta da kuma girmansa, saboda haka ƙaramin curin zinariya, da guntun dalma, da takardar azurfa ta kwalin taba, da marfin gwangwanin lemo suna iya yin kuka iri ɗaya. Na biyu, zurfinta kaɗan ne. Na'ura mai kyau tana jin abu mai girman tsabar kuɗi a zurfin santimita 20 zuwa 30, taƙi ɗaya ke nan da ɗan ɗori. Sai curi ya yi girma ƙwarai, na'urar kuma ta zama ta ƙarshe a tsada, kafin a yi maganar mita guda. Na uku, ba ta jin garin zinariyar da ke warwatse cikin dutse. Irin wannan zinariya sai an haƙa, an niƙa, an wanke, kuma ita ce ta fi yawa a mahaƙan Tilaberi da na Zamfara.

Iyali biyu, aiki biyu

Na'urorin da ke kasuwa kusan duka daga iyali biyu suke. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa VLF. Faifansa yana watsa ƙarfi ba tsayawa, kuma akwatin yana iya rarrabe ƙusa da tagulla, har a umarce shi ya yi shiru in baƙin ƙarfe ya ji. Ba shi da nauyi, ba ya cin batir, kuɗinsa da dama-dama. Ana auna saurin kaɗawar wutarsa da kilohaz: in adadin ya yi sama, na'urar ta fi jin ƙananan ƙwayoyi amma ba ta nisa, in ya yi ƙasa, ta fi nisa amma ƙanana suna kuɓuce mata. Garrett AT Gold tana aiki da 18, Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab da 45, Fisher Gold Bug 2 da 71. Wasu na baya-bayan nan, kamar Equinox da ta fito a 2018, suna haɗa kaɗawa da yawa lokaci guda. Raunin wannan iyali shi ne ƙasa mai tama. In ya hau jar ƙasa, ko marmara, ko baƙaƙen duwatsun da ke ɗauke da ƙarfe, sai ya dinga kukan banza, zurfinsa kuma ya ragu.

Iyali na biyu, PI, an yi shi ne don wannan matsala. Yana harba wuta ya yanke, sa'an nan ya saurari amsar da ta yi saura. Amsar ƙasa tana mutuwa da wuri, ta ƙarfe tana ɗan jinkiri, ta haka yake ratsa tama ya ji abin da ke ƙarƙashinta. GPX 4500 da GPX 5000, waɗanda sunansu ya cika Sudan da Jado, daga wannan gida suke. GPZ 7000 da ta fito a 2015 da wata sabuwar dabara ta fi su nisa, amma nauyinta ya haura kilo 3, kuma ba ta rarrabe ƙarfe ko kaɗan: ƙusa da zinariya duk ɗaya ne a wurinta, kowane kuka sai an tona.

Tazarar kuɗi tsakanin iyalan biyu mai faɗi ce. Gold Monster ta shiga kasuwar Amurka a 2017 a kan dalar Amurka wajen 800, abin da bai kai jaka 500 na sefa ba. GPZ 7000 kuwa ta fito a kan kusan dalar Amurka 10.000, wajen miliyan 6 na sefa a canjin lokacin, tun kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa.

Sau da yawa kuma abin da mutum ke bukata faifai ne kawai. Babban faifai yana nisa a kan manyan abubuwa, yana kuma cin fili da sauri, amma ƙwaya ƙarama tana wuce shi. Ƙaramin faifai ya fi dacewa da wurin da tarkacen ƙarfe ya yi yawa. Wanda ya sayi faifai na biyu, ya kuma koyi daidaita na'urarsa da ƙasar da yake takawa, abin da masu sana'ar ke yi duk lokacin da launin ƙasa ya sauya, yana iya samun ƙarin da yake nema da kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwa.

Ƙasar Magariya da Dungas

Sai a komo ga tambayar da ya kamata a fara da ita: me ke cikin ƙasar da za a taka? Zinariyar Nijar da aka sani tana Liftako a yamma, inda kamfanin Samira ya fara aiki a 2004, da Ayar, da Jado da Cibarakaten, da kuma kudancin Maraɗi, inda tsohon dutsen da ya taso daga arewacin Nijeriya ya leƙo kusa da sarari. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan mahaƙai a gundumomin Magariya da Dungas. Ƙasarsu jigawa ce da fadama: rairayi mai kauri da iska ta tara shekaru aru-aru, da kwaruruwan Korama inda ruwa ke kusa ana noman rake da rogo. Rairayin nan ya lulluɓe tsohon dutsen da nisan da ya wuce jin kowace na'ura da ake ratayawa a kafaɗa.

Ko a Ɗan Isa ta gundumar Madarumfa, wadda labarinta ya ɗauke hankalin yankin a 2021, rijiyoyi aka gina ana fito da ƙasa da dutse. Ranar 7 ga Nuwamba na wannan shekarar rami ya rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Can Zamfara kuma, a 2010, dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara fiye da 400. Na'ura, kome tsadarta, ba ta da abin cewa a irin waɗannan wurare.

Saboda haka mai niyyar aiki a gida ba shi da hujjar zuba miliyoyi a kan PI. Rairayi ƙasa ce mai sauƙi, VLF mai matsakaicin kuɗi tana ratsa shi lafiya lau. In ma ya sayi babbar, wahala ya saya, domin kufai cike yake da guntayen fartanya, da kashin maƙera, da gwangwanaye, kuma na'urar da ba ta rarrabewa za ta sa shi tona rami ɗari kafin azahar. A fadama mai kanwa da damshi, gishirin ƙasar kansa yana sa faifai kuka, sai an rage ƙarfin ji. Mai shirin zuwa Ayar ko Tibesti ne yake da dalilin duban PI, shi ma in wurin da za shi an riga an kwashe na sama, saura na zurfi. Ya kuma tuna cewa a waɗancan wurare ba zinariya kaɗai ke kwance ba. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya bar nakiyoyi a jahar Agadas, yaƙin Cadi da Libiya ya bar su a Tibesti, kuma kukan nakiya a kunne bai bambanta da na arziki ba.

Jabu, da sandar da ba ta jin kome

Inda kuɗi suka taru, nan ɓarayi ke yada zango. Lokacin da kasuwar Sudan ta buɗe, sai ga GPX na jabu daga Sin sun cika Afirka, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ciki kuwa fanko. Kamfanin Codan na Ostiraliya, uwar gidan Minelab, ya ga ribarsa ta faɗo daga miliyan 45 na dalar ƙasarsa a 2013 zuwa miliyan 9 a 2014, kuma jabun na cikin dalilan da ya bayar. In kamfani mai lauyoyi ya ji jiki haka, ina ga manomin da ya sayar da shanunsa? Jabu tana yin kuka in an kara mata zobe a cikin kanti, wannan ba wuya ba ne. A daji ne ake gane ta, bayan an yi tafiyar kwana da kwanaki, ga bashin mota ga na abinci.

Akwai wadda ta fi jabu muni. Ita ce sandar nan mai eriya da ke juyawa a hannu, wadda ake cewa tana hango zinariya daga kilomita biyu ko a zurfin mita hamsin. Babu wata hujjar kimiyya da ke bayanta, hannun mai riƙo ne ke juya ta bai sani ba. A 2013 kotun Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara 10 saboda sayar da irin wannan sanda mai suna ADE 651 a matsayin mai gano bam. Iraƙi ce ta fi saye, kuma bincike ya nuna asalin abin wani kayan wasa ne na neman ƙwallon golf. Wanda ya iya ruɗin janar-janar da ita, ruɗin mai neman zinariya ba zai ba shi wuya ba.

Kariyar mai saye ba ta wuce abubuwa kaɗan ba. Ya nemi lambar da ke jikin na'urar a tabbatar da ita wurin kamfanin ko wakilinsa da aka sani. Minelab tana da reshe a Dubai, kuma tana manna wa kayanta alamar tantancewa. Ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da wannan lamba, da ta garanti, da ta duwan, musamman in kayan ta Kano suka biyo suka shigo ta Maigatari ko Babban Mutum. Kada ya yarda da gwajin iska. A fita bayan gari, a binne ƙwayar zinariya da aka san nauyinta, ko da rabin garam ne, tare da ƙusa da tsabar kuɗi, kowanne a raminsa, a zurfi daban-daban, kuma shi da kansa ya riƙe sandar. In tsohuwa ce, ya duba wayar faifai inda take lanƙwasa, da bakin da take shiga akwati, ya ga awa nawa batir ke kaiwa. Ya tambayi inda ake samun wani batir da wani faifai in waɗannan suka mutu, domin zafi da ƙura suna cin kayan lantarki, kuma babu mai gyara a Dirku da zai buɗe akwatin ya maido shi yadda yake. In kuwa kuɗin da aka faɗa masa rabin na kasuwa ne, to araha ba ta ado.

Lissafin da ake tsallakewa

Tsadar zinariya ita ke hura wutar. Oza guda, wato garam 31 da ɗan kai, ta haura dalar Amurka 2.000 a 2020, ta haura 3.000 a watan Maris na 2025, ta haura 4.000 a watan Oktoba na wannan shekarar. A wannan farashi na ƙarshe garam ɗaya ya fi jaka 70 na sefa a kasuwar duniya, ko da yake mai saye a bakin daji ba ya biyan haka.

A ɗauka na'ura ta ci miliyan 5. Sai an sami garam 70 kafin ta biya kanta. Amma mai na'ura ba shi kaɗai yake aiki ba: akwai mai mota, akwai masu tono, akwai kuɗin ruwa da mai da abinci da ake cirewa tun kafin rabo. In kashi ɗaya cikin uku ne rabonsa, sai ƙungiyar ta tara garam 210 bayan an fitar da ɗawainiya, sa'an nan ya komo inda ya tashi. Wannan kuma in jandarma ko sojan wata ƙasa bai karɓe ta ba, ƴan fashi ba su tare hanya ba, hukuma ba ta rufe wurin ba kamar yadda ta yi a 2017. A Kuri Bugudi ta Cadi, faɗan da ya ɓarke tsakanin masu neman zinariya a watan Mayu na 2022 ya ci rayuka kusan 100.

Mai jinginar da gona ya kamata ya aza wannan lissafi kusa da na gonar. Ita gonar, ko da ƙarama ce, tana ba da gero da wake da gyaɗa kowace shekara, gawon da ke cikinta yana ciyar da awaki da rani, kuma a yankin da ƙasa ta yi tsada irin wannan, wadda ta fita hannu ba kasafai take komowa ba. Na'ura kuwa darajarta raguwa take daga ranar da aka buɗe kwali. Wanda bai taɓa riƙe babba ba, hayarta ta wata guda ko shiga ƙungiyar mai ita zai koya masa abin da tallar kanti ba ta faɗa.

Dukiyar kufai tana da mai ita

In rairayin Magariya da Dungas ba ya ɓoye curin zinariya, yana ɓoye wani abu dabam. Nan ce ƙasar Sosebaki, ta Dungas da Waca, kuma gidan sarautar Magariya reshe ne na Daura da ya kafu bayan jihadi. Fatake sun bi ta nan tsakanin Kano da Damagaram, garuruwa sun tashi saboda yaƙi ko yunwa sun bar kufai. Amma mai mafarkin tukunyar kuɗi ya sani cewa kuɗin kakanni wuri ne, wuri kuma ba ƙarfe ba ne, na'ura ba ta jin sa. Abin da zai iya tsinta shi ne kan mashi da na kibiya, da mundaye na tagulla, da ƙarafan linzami, da kwabo da anini masu huji na zamanin Ingilishi. In ya yi babbar sa'a ya sami azurfar Mariya Tereza, wadda fatake suka yi ciniki da ita a ƙarni na 19. Zai ga 1780 a jikinta ya yi murna, alhali duk waɗanda aka buga bayan wannan shekara lambar da suke ɗauke da ita ke nan, kuma an buga ɗaruruwan miliyoyi. Nauyinta garam 28 ne, a kasuwa ba ta sayen ko faifai.

Darajar waɗannan abubuwa tana ga inda suke kwance. Masanin tarihi yana karanta zurfin da aka sami kan mashi, da katangar tukunyar da ke kusa da shi, da gawayin da za a auna a san shekarunsa. Irin wannan aiki ne Anne Haour ta yi a Kufan Kanawa, cikin jahar Damagaram, wurin da labarin baka ke dangantawa da asalin Kanawa. In an fizge ƙarfen an watsar da sauran, shafin ya yage har abada. Nijar ta riga ta ɗanɗana wannan a Bura ta jahar Tilaberi. An gano wurin a 1975, Bube Gado na cibiyar IRSH ya yi haƙa a 1983, amma da aka nuna gumakan yumɓunsa a Turai a shekarun 1990, sai masu fasa-ƙwauri suka sa talakawa suka tone makabartun yankin kaf, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari a 2000.

Doka ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta hana haƙa don neman kayan tarihi ba tare da izinin hukuma ba, ko da a gonar mutum ne, ta kuma wajabta wa wanda ya yi tsintuwa ya sanar. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa na gwamnati ne, neman su sai da takarda daga ma'aikatar ma'adinai. Ba Nijar kaɗai ke da wannan tsari ba: Faransa tun 1989 ta hana amfani da na'urar don neman kayan tarihi sai da izini. Ingila ta bi wata hanya. Dokarta ta 1996 ta ce a sanar, in gidan tarihi yana so ya biya. Haka aka yi a 2009, da Terry Herbert ya gano zinariya fiye da kilo 5 ta mutanen da a wata gona a Staffordshire: an kimanta ta fam miliyan 3 da dubu 285, ya raba da mai gonar, kayan kuma suna nan kowa yana gani. Abin lura, tsohuwar na'ura ce ta hannu yake riƙe da ita.

Shari'a ma ta yi magana tun kafin a ƙago batir. A mazhabar Malikiyya, dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, wadda ake kira rikazi, ana fitar mata da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Wadda ke ɗauke da alamar Musulmi tsintuwa ce, sai an yi cigiya shekara guda. Curin zinariya tsantsa da aka samu ba tare da wahala mai yawa ba, shi ma humusi malamai suka ce. Shiga gonar wani ba da yardarsa ba, da tone kabarin Musulmi, ba su da wata fassara.

Abin da ya rage shi ne a kawo waɗannan dokoki inda jama'a suke. An rubuta su da Faransanci, suna kwance a ofisoshin Yamai, alhali na'urorin suna Bande da Ɗan Ciyawo da Dogo-Dogo. Perfe-perfe na gundumomin biyu, da magadan gari, da sarakunan gargajiya waɗanda suka fi kowa sanin inda kufai da tsofaffin makabartu suke, suna iya haɗa kai da gidajen rediyon karkara a bayyana su da Hausa da Fulatanci. A kuma faɗa wa mai tsintuwa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, a Magariya ko a gidan tarihi na Damagaram, ya tabbata in ya kai munduwar da ya samu za a rubuta sunansa da sunan garinsu, ba za a tsare shi ba. Muddin tsoron hukuma ya fi kwaɗayin lada, abin da aka tono zai ci gaba da bin hanyar Kano a ƙasan buhun wake.